Sashe na Tara

Ni aka ba rubuta daftarin.
Hawa na huɗu, ginin majalisar birnin Recife,
taga na kallon kogin Capibaribe,
ruwan Yuni na zuba tun asuba.
Doka ake so kan motocin da waya ke kira.
Shafi sha biyu, kafin Alhamis.

Mahaifina, Genivaldo, shekara talatin da ɗaya a kan sitiyari.
Filin kakarmu ya sayar ya mallaki lambar tasi,
ya ce ita ce fanshonsa, ita ce gadonmu.
Yau ko firiji ba za ta saya ba.
Yana nan a tashar bakin asibiti,
mita a kashe, rediyo a kunne,
yana ƙirga masu wuce shi
idonsu na tafin hannunsu.

Ƙanena, Edmilson, motar haya yake ja,
awa sha huɗu, manhaja na yankar kwata.
Ranar da ruwa ya cinye titin Afogados
wani fasinja ya makara, ya jefe shi da tauraro ɗaya.
Da safe waya ta ce ba ta san shi ba.
Ina ƙofar da zai ƙwanƙwasa?
Ba ofis, ba fuska,
sai saƙo: mun gode da haƙurinka.

Ran Lahadi tebur ɗaya suke ci,
wake da shinkafa da soyayyen garin rogo.
Mama kan ajiye tukunya tsakaninsu
kamar mai kafa iyakar gona.

A zaman jin ra'ayi, lauyan kamfani ya zo da kwat
da taswira mai launi bakwai.
Ya ce, mu ba masu sufuri ba ne, mu gada ce kawai.
Na leƙa taga. Garinmu garin gadoji ne,
ban san wadda ke laluben aljihun mai tsallaka ba.

Sai Dona Valdirene ta miƙe,
mai goge daɓen asibiti, ta kan tashi sha biyun dare.
Ta ce, tasi bai taɓa hawa tudunmu ba,
da sun ji sunan unguwa sai gilashi ya ɗaga.
Wannan kuwa yana zuwa har ƙofa.
Kada ku kashe min shi.
Amma ku tambaye shi, don me in ruwa ya sauko
kuɗin ke ninka uku, albashina bai jiƙe ya kumbura ba?

Alƙalamina ya tsaya.
Na san wani da ke ɗaga gilashi in ya ji sunan tudun.
Da kuɗinsa na yi makaranta.

Kansila ya ce in sa kalmar ƙirƙira a kanun,
in da hali sau biyu.
Na sa.
Sannan na rubuta sashe na tara:
dole, kafin a rufe wa direba hanyar abinci,
ɗan Adam mai suna da kunne ya saurare shi.
Sashe na goma: kowace tafiya ta zubar da 'yan kwabbai
a asusun tsofaffin lambobi.

Shugabana ya soke na goma da koren biro.
Ya ce, baɗi.
A na tara ya kankare dole, ya sa ana iya.
Da ya tafi shan kofi na mayar.
Ko zai lura, oho.

Tara na dare na sauko.
Bas ta daina, ruwa har idon sawu.
Na tsaya ƙarƙashin rumfa, na waiga hagu da dama
kamar mai shirin sata,
na taɓa manhajar.

Ta juya, ta juya.
Sabon direba, ba tauraro ko ɗaya.
Farar mota, minti huɗu.
Hoton ya fito: an taje furfura,
rigar zuwa coci ce.

Bai ce komai ba da na shiga.
Ya gyara madubi, ya rage rediyo.
Muryar wayar ta ce a yi dama.
Ya yi hagu,
ya san inda ruwa ke kwana.